Saint-Gingolph, L'Abbaye ko Talloires: Wane Ƙaramin Gari na Bakin Tafki Ya Kamata Ka Zaɓa?

Bahaushen da aiki ko karatu ya kai shi Jeneba, Lausanne ko Lyon ba ya rufa wata uku sai an ba shi shawarar ya bar hayaniyar birni ya je ya yi kwana biyu a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan da ke zaune tsakanin gindin tsauni da bakin tafki. Shawarar mai kyau ce, amma tana zuwa da nata ciwon kan, domin garuruwan suna da yawa kuma a hoto duk kamarsu ɗaya: ruwa shuɗi, hasumiyar coci, 'yan kwale-kwale a ɗaure, tsauni a baya. Sai mutum ya isa yake gane cewa wani garin yana raye da mutanensa da sana'arsu, wani kuma ba ya motsi sai baƙi sun zo, kuma akwai wanda jirgin ƙasa ke sauke ka a tsakiyarsa, akwai wanda in ba ka da mota ka shiga wahala.

Na ware guda uku da ake magana da Faransanci a cikinsu, waɗanda duk ana iya isa gare su daga Jeneba cikin awa biyu ko abin da ya ɗan haura haka. Saint-Gingolph yana gaɓar kudu ta tafkin Léman, rabinsa a Suwizalan, rabinsa a Faransa. L'Abbaye yana bakin tafkin Joux a tsaunukan Jura na jihar Vaud ta Suwizalan. Talloires kuwa yana bakin tafkin Annecy, a yankin Haute-Savoie na Faransa.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne tarihi, amma tarihin da ƙafa za ta taka ido ya gani, tunda labarin da sai a littafi ake samunsa bai kai a biya masa kuɗin otal ba. Na biyu halin garin: su wa ke zaune a cikinsa, da me suke ci, kuma yaya yake idan baƙi sun watse. Na uku kuɗi. Na huɗu sauƙi, wanda ya haɗa da hanyar zuwa da kuma abin da Musulmi zai iya ci ba tare da ya yi ta tambaya ba. Na biyar ɗorewa, kuma da wannan ina nufin abu biyu, wato watanni nawa a shekara wurin ke da daɗin zuwa, da kuma kwana nawa zai riƙe mutum kafin ya gaji da shi. Na ƙarshe haɗari.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi duka ukun. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tun watan Disamba na 2008 tana cikin yankin Schengen, saboda haka biza ɗaya ta isa a shiga ƙasashen biyu, sai dai ana nemanta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Sai batun kuɗi. Faransa tana kashe yuro, wanda sefa ke ɗaure da shi a kan 655.957, ma'ana yuro 10 ya kai jaka shida da rabi da 'yan kai ga mutumin Nijar. Suwizalan tana da nata faran, wanda a 'yan shekarun nan ya ɗan fi yuro daraja, kuma kusan komai a can, daga kofin shayi zuwa ɗakin kwana, ya fi na Faransa tsada. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin lissafin duk da zai biyo baya.

Saint-Gingolph: gari ɗaya, ƙasa biyu

Wata ƙorama mai suna Morge ce ke gangarowa daga tsauni ta ratsa tsakiyar garin ta faɗa tafki, kuma ita ce iyaka. An tsayar da ita a matsayin iyaka tun 1569, a yarjejeniyar Thonon tsakanin masarautar Savoie da mutanen Valais. Daga baya Valais ta shiga tarayyar Suwizalan a 1815, Savoie kuma ta koma hannun Faransa a 1860, sai garin ya wayi gari yana da hukumomi biyu, tutoci biyu da kuɗi iri biyu, alhali kowane ɓangare mutanensa ba su wuce dubu ɗaya ba ko kusa da haka. Shugaban ɓangaren Faransa ana ce masa maire, irin yadda ake kiran magajin gari a Nijar, na ɓangaren Valais kuwa président.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abubuwan da iyakar ta kasa rabawa. Cocin garin guda ne, maƙabarta ma guda ce, kuma dukansu suna ɓangaren Faransa, don haka idan mutumin ɓangaren Suwizalan ya mutu, sai an tsallaka gada da gawarsa zuwa wata ƙasa kafin a binne shi. Ƙungiyar masu busa da kiɗa ta garin sunanta Les Enfants des Deux Républiques, wato 'ya'yan jamhuriya biyu. Duk wanda ya san zaman Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin ya saba ganin dangi ɗaya da kasuwa ɗaya a gefe biyu na shingen kwastan. Bambancin kawai shi ne a nan tazarar ba ta wuce taku kaɗan a kan gada ba.

Gadar nan ta taɓa zama tsakanin rai da mutuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suna riƙe da ɓangaren Faransa, ɗaya gefen kuwa yana ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Ranar 22 ga Yuli 1944 mayaƙan sa-kai na Faransa suka kai wa sojojin Jamus da ke gadin iyakar hari, washegari kuma, 23 ga wata, aka zo ɗaukar fansa: aka cinna wa gidaje da yawa wuta, aka harbe wasu mutanen da aka kama, ciki har da limamin cocin, Louis Rossillon. Ɗaruruwan mazauna sun tsira ne saboda an buɗe musu iyaka sun tsallaka zuwa gefen Suwizalan, inda shugaban hukumar wancan gefen, André Chaperon, da wani hafsan sojan Suwizalan, Kanar Julius Schwarz, suka shiga tsakani har wutar ba ta cinye garin duka ba. Mutum zai iya tsayawa a kan gadar yau ya ƙiyasta da idonsa yadda tazarar take, kuma wannan shi ne irin tarihin da na ce ƙafa na iya takawa.

Kafin zuwan jirgin ƙasa da manyan motoci, arzikin garin yana kan ruwa. A nan ake ƙera manyan jiragen katako masu filafilai da ke ɗaukar duwatsun gini daga mahaƙar Meillerie, wadda ke kusa, zuwa Jeneba da Lausanne. Tsohuwar fadar da ke ɓangaren Suwizalan tana ɗauke da gidan tarihin waɗannan jirage da al'adun tafkin, kuma awa ɗaya zuwa biyu ta isa a zagaye shi. Garin ya kuma yi suna da wata sana'a ta haɗa duwatsun ado masu kama da lu'ulu'u ta hanyar amfani da ɓawon kifin tafkin.

Ta fuskar kuɗi, Saint-Gingolph yana da wata riba da sauran biyun ba su da ita, wato mutum na iya kwana da cin abinci a gefen yuro, ya tsallaka da ƙafa ya hau jirgin ƙasa ko na ruwa a gefen faran. Sai dai masaukai ba su da yawa, don haka a watannin Yuli da Agusta a kama ɗaki da wuri. Hanyar zuwa ma ba ta da wuya. Jirgin ƙasa daga Saint-Maurice ta Monthey yana ƙarewa a tashar gefen Suwizalan, kuma a lokacin zafi jiragen ruwa na kamfanin CGN suna tsayawa a nan daga Vevey da Montreux. Layin dogon da ya ci gaba zuwa Évian a gefen Faransa kuwa an daɗe da rufe shi, shi ya sa duk masu zama a Faransa suna aiki a Suwizalan ke bin titi ɗaya tilo da ya ratsa garin. Wannan ne babban aibin wurin: da sassafe da kuma yamma motoci kan yi jerin gwano a bakin kwastan, kuma wanda ɗakinsa ke kallon titin zai ji a jikinsa.

Tafkin Léman yana kan tsayin mita 372 daga teku, saboda haka sanyinsa da sauƙi, amma garin yana fuskantar arewa ne a ƙarƙashin tsaunin Grammont mai tsayin mita 2,172, kuma a tsakiyar hunturu rana ba ta daɗewa a kansa. Daga Mayu zuwa farkon Oktoba ne lokacinsa. Garin kansa kwana biyu ya ishe shi, sai fa in mutum mai tafiyar ƙasa ne ko mai keke, domin daga nan hanyar keke ta ViaRhôna ke farawa ta bi kogin Rhône har tekun Bahar Rum, kuma hanyar ƙafa ta GR5 tana hawa ta ƙauyen Novel ta nufi kudu har Nice. Mai yara kuma yana da Le Bouveret a kusa, inda akwai filin ƙananan jiragen ƙasa da wurin wasan ruwa.

Haɗarinsa biyu ne, babba da ƙarami. Ƙoramar Morge tana da saurin fushi idan ruwan sama ya haɗu da narkewar ƙanƙara, kamar yadda ta yi ambaliya a watan Mayu na 2015 ta cika wuraren cin abincin bakin tafki da laka da duwatsu. Ƙaramin kuwa ni ma ya taɓa cin kuɗina: wayar salula tana tsalle tsakanin layukan ƙasashen biyu ba tare da mai ita ya sani ba, kuma tunda Suwizalan ba ta cikin tsarin Tarayyar Turai na kira da intanet a farashin gida, mai layin Faransa zai iya zama a gefen Faransa yana shan shayi alhali ana caje shi kuɗin ƙasar waje. Maganin shi ne a shiga saitin wayar a zaɓi layi da hannu. A kuma tuna cewa kwastan na aiki duk da babu binciken fasfo na kullum, kuma naman da mutum ɗaya zai shigar Suwizalan ba tare da haraji ba bai wuce kilo ɗaya a rana ba.

L'Abbaye: kwarin masu agogo

Wannan wata duniya ce dabam. Tafkin Joux yana kan mita 1,004, kuma shi ne tafki mafi girma a Suwizalan a irin wannan tsayi, a cikin wani rufaffen kwari da dazuzzuka suka kewaye. Ƙaramar hukumar ta ƙunshi ƙauyuka uku, Le Pont, L'Abbaye da Les Bioux, mutanenta kimanin 1,500 ne, kuma shugabanta ana ce masa syndic kamar yadda ake yi a duk jihar Vaud. Sunan ya fito daga gidan zuhudu na Kirista da aka kafa a farkon rabin ƙarni na 12, wanda mutanensa suka fara sare daji suna noma. Da mayaƙan Bern suka ci ƙasar Vaud a 1536 suka kawo aƙidar Furotesta, sai aka rufe gidan, kuma abin da ya rage a tsaye yau shi ne hasumiyarsa a bakin ruwa.

Tarihin kwarin na gaske yana cikin yadda mutane suka mayar da doguwar hunturu hanyar cin abinci. Manomin da dusar ƙanƙara ta kulle a gida wata huɗu ko biyar sai ya zauna a bakin taga yana goge ƙananan ƙarafan agogo, kuma daga nan sana'ar ta girma. Antoine LeCoultre ya buɗe ɗakin aikinsa a Le Sentier a 1833, Audemars Piguet kuma aka kafa shi a Le Brassus a 1875, dukansu a ɗaya ƙarshen tafkin, kuma har yau a nan suke aiki tare da Breguet da Blancpain. Idan ka lura da tsofaffin gidajen manoma za ka ga jerin tagogi a saman bene, waɗanda aka buɗe domin mai haɗa agogo ya sami hasken rana. Akwai gidan tarihin agogo mai suna Espace Horloger a Le Sentier, akwai kuma na Audemars Piguet da aka buɗe a 2020, wanda sai an nemi izinin shiga tun kafin a zo.

Sanyin ma an sayar da shi. A ƙarshen ƙarni na 19 ana yanka ƙanƙarar ƙaramin tafkin Brenet da ke manne da Le Pont, a adana ta a manyan rumbuna, a yi jigilarta har birnin Faris, kuma wannan ciniki yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Vallorbe zuwa Le Pont a 1886, kafin a ƙarasa da shi Le Brassus a 1899. Ruwan tafkunan kuwa ba shi da kogin da ke fitar da shi a fili, ƙasa ce ke shanye wani ɓangarensa ta ramukan dutse, ya sake ɓullowa a kusa da Vallorbe a matsayin kogin Orbe. Dajin Risoud da ke kan iyaka da Faransa yana fitar da katako mai kyau da ake haɗa goge da jita da shi, kuma ta cikinsa ne wasu mutanen kwarin suka riƙa tsallako da Yahudawa da masu gudun hijira a lokacin yaƙi.

A halin gari, L'Abbaye ya fi sauran biyun zama wurin mutanensa. Dubban ma'aikata suna shigowa masana'antun kwarin kowace safiya, da yawansu daga Faransa, kuma ko babu baƙo ko ɗaya rayuwa na tafiya. Wannan yana da daɗi, amma yana nufin da dare garin shiru yake, shaguna na rufewa da wuri, ranar Lahadi kuma kusan komai a kulle. Wanda ya koyi Faransancinsa a Yamai ko Damagaram ya shirya kunnensa, domin a nan 70 septante ce, 80 huitante, 90 kuma nonante, kuma karon farko da mai shago ya faɗa masa farashi zai ɗan tsaya yana lissafi.

Kuɗi duk na faran ne, babu gefen yuro da za a ruga, sai dai wurin bai kai manyan wuraren shaƙatawa na tsaunukan Alps tsada ba, kuma abubuwan da suka fi daɗi kyauta ne. Daga Lausanne jirgin ƙasa na kai mutum Le Pont cikin kimanin awa ɗaya. Mai mota zai bi ta mashigar Mollendruz ko ta Marchairuz, kuma idan zai hau babbar hanya a Suwizalan sai ya sayi takardar shekara ta faran 40, ko da kwana ɗaya zai yi.

A ɗorewa babu wanda ya kamo shi. Lokacin zafi ana wanka da tuƙa kwale-kwale, ana zagaye tafkin da ƙafa a tafiyar da ta ɗan haura kilomita 20, ana hawa Dent de Vaulion mai mita 1,483 daga Le Pont cikin ƙasa da awa biyu, inda ake hango tafkuna da dama da tsaunin Mont Blanc idan sama ta washe. Daga Satumba zuwa Afrilu lokacin cukun Vacherin Mont-d'Or ne, mai laushi da ake ɗaure shi da ɓawon itace a zuba a ƙaramin akwatin katako, a gasa shi a ci da dankali. A hunturu kuma, idan sanyi ya kai, tafkin kan daskare mutane su yi ta yawo a kansa. Mako guda ba zai gundiri mutum ba. Haɗarin yana tattare da wannan daɗin: ba kowace shekara ƙanƙarar ke yin kauri ba, don haka ba a taka ta sai inda hukuma ta sa alama, sanyin kwarin kuma yana da tsanani ga wanda bai saba ba. Lokacin zafi a kula da kaska a cikin ciyawa da daji, domin cizonta na iya jawo cuta mai tsanani. A sa dogon wando, a duba jiki da yamma.

Talloires: kyau mai tsada

Idan kyau kaɗai ake nema, Talloires ya yi gaba. Yana cikin wani lungu na gaɓar gabas ta tafkin Annecy, kimanin kilomita 13 daga birnin, a kan mita 447, yana kallon fadar Duingt a tsallake, tsaunin La Tournette mai mita 2,351 kuma yana bayansa. Shi ma gidan zuhudu ne asalinsa, wanda aka kafa a farkon ƙarni na 11, kuma ginin da ya rage yanzu otal ne na masu hannu da shuni. A nan mai zane Paul Cézanne ya sauka a 1896 ya zana tafkin, zanen da ke Landan a yau. A nan kuma aka haifi masanin kimiyya Claude Louis Berthollet a 1748, wanda bincikensa kan sinadarin kulorin ya haifar da ruwan jabel, wannan dai da ake zubawa a wanki da wanke salad a gidajen Maraɗi da Yamai. A 2016 aka haɗe garin da ƙauyen Montmin da ke sama da shi suka zama hukuma ɗaya, Talloires-Montmin.

Tsabtar ruwan da ake yabo aikin hannu ce. A shekarun 1950 tafkin ya fara gurɓata, sai garuruwan da ke kewaye da shi suka haɗa kai a 1957 suka shimfiɗa bututun da ke kwashe ƙazantar gidaje ya kai ta nesa da shi.

Matsalar Talloires ita ce kowa ya san da shi. Ko da yake yuro ake kashewa, kuɗin ɗaki a bakin ruwa a watan Agusta yana iya zarce na garuruwan Suwizalan biyun, wasu wuraren wanka ana biya kafin a shiga, wurin ajiye mota kuma ya zama abin faɗa. Jirgin ƙasa ba ya zuwa. Sai an isa Annecy, wanda tun Disamba 2019 jirgin Léman Express ke haɗa shi da Jeneba, sannan a hau bas, ko jirgin ruwa a lokacin zafi, kuma titin gaɓar kan cushe a ranakun hutu. Gidaje da yawa na masu zuwa hutu ne, shi ya sa daga Nuwamba zuwa Maris garin kan yi tsit, otal-otal da dama a rufe. Mai mota ya sani cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a wannan yanki. Yuni da Satumba su ne watanninsa na gaskiya.

Haɗarinsa na masu ƙarfin hali ne. Ƙarshen hawan La Tournette yana da sarƙoƙi da tsani a jikin dutse, kuma bai dace da sabon shiga ko mai takalmin gari ba. Mashigar Forclaz da ke sama ta shahara da masu tashi da lema, kuma wanda zai gwada ya tabbata inshorarsa ta rufe wannan. Lambar gaggawa ta 112 tana aiki a ƙasashen biyu, sai dai a Suwizalan idan jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko mutum daga tsauni, takardar biya za ta biyo shi.

Batun abinci da ibada

Babu ɗaya daga cikin ukun da za a dogara da samun mahaucin halal ko masallaci a cikinsa, don haka mai son sallar Juma'a ya tsara ta a Jeneba, Lausanne ko Annecy. Kifi shi ne mafita: soyayyen perche a Saint-Gingolph, brochet a tafkin Joux, féra da omble chevalier a Talloires. A yi hattara da abincin gargajiya, domin tartiflette na Savoie da naman alade ake yin sa, narkakken cukun fondue kuma da farar giya ake dama shi, kuma har Vacherin ɗin da na yaba wasu kan zuba masa giya kafin su gasa, sai an ce a bari. A nan Talloires ya fi sauƙi, tunda Annecy na kusa kuma akwai shagunan halal a can.

| Ma'auni | Saint-Gingolph | L'Abbaye | Talloires |
|---|---|---|---|
| Ƙasa | Suwizalan da Faransa | Suwizalan | Faransa |
| Tsayin tafki | mita 372 | mita 1,004 | mita 447 |
| Kuɗin da ake kashewa | faran da yuro | faran | yuro |
| Tsada | mafi sauƙi, in an kwana gefen Faransa | matsakaici zuwa sama | mafi tsada a Yuli da Agusta |
| Zuwa ba mota | jirgin ƙasa da na ruwa | jirgin ƙasa | bas daga Annecy |
| Lokacin da ya dace | Mayu zuwa Oktoba | kusan duk shekara | Yuni da Satumba |
| Kwanakin da suka isa | 2 zuwa 3 | 4 zuwa 7 | 1 zuwa 2 |
| Abin kula | cunkoson iyaka, cajin waya | sanyi, ƙanƙara, kaska | cunkoson baƙi, hawan tsauni |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke da ƙarshen mako ɗaya, ba shi da mota, kuma yana ƙirga kuɗinsa, ya nufi Saint-Gingolph. Ya nemi ɗakin da ke kallon tafki a gefen Faransa, nesa da babban titi, ya zo ta jirgin ƙasa ya koma ta jirgin ruwa zuwa Vevey. Shi ne kuma zaɓin mai sha'awar tarihi, kuma a ganina shi ne wanda aka fi rainawa a cikin ukun alhali ya fi su abin ba da labari.

Mai iyali da ke da mako guda, ko wanda ya gaji yana son wurin da zai yi barci da karatu ba tare da hayaniya ba, L'Abbaye ya fi masa, musamman Le Pont saboda tashar jirgi da shaguna suna kusa. Ya kama gida mai kicin maimakon otal, ya yi cefanensa na nama a Lausanne kafin ya hau, domin hakan zai rage masa tsadar faran ya kuma warware matsalar halal. Wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba kuma yana son ya gan ta sosai, nan zai zo a Janairu ko Fabrairu, da tufafin sanyi na gaske.

Ango da amarya, ko wanda iyayensa suka kawo masa ziyara daga gida yana son ya nuna musu wuri mai ƙayatarwa, Talloires ne nasu, amma shawarata ita ce a kwana a Annecy inda masaukai suka fi yawa da sauƙi, a shigo da safe ta jirgin ruwa, a ci kifi, a hau zuwa ƙaramin cocin Saint-Germain da ke saman garin a kalli tafkin, a koma da yamma. Wanda bizarsa Faransa ce ta ba shi kuma mafi yawan kwanakinsa a can zai yi, Talloires da gefen Faransa na Saint-Gingolph sun fi daidaita da takardunsa, kuma ko zai tsallaka gadar Morge na minti goma kacal, ya riƙe fasfonsa a aljihu.